KAYA SUN FI ƘARFIN ƊAN DAKO: ABIN DA KE SA HOTON KWAMFUTA YA RIƘA TSINKEWA

A unguwannin 'yan Arewa na Kudu, daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabo ta Badun, akwai malamai da samari da ke ɗaukar abin da ke gudana a fuskar kwamfutarsu, ko karatu ko darasin sana'a, su aika wa almajirai da 'yan'uwa a gida. Da yawansu suna aiki da OBS, wata manhaja ta kyauta wadda ta fara fitowa a 2012. To, sau da yawa mutum yakan gama karatun awa guda, ya buɗe, ya tarar murya tana tafiya amma hoto yana tsayawa yana tsalle. Idan ya lura, a ƙasan manhajar akwai gargaɗi cewa aiki ya yi wa inkoda yawa.

Nan ne kuɗi ke salwanta. Wani ya ƙaro data yana zargin intanet, alhali ɗauka a ajiye a cikin kwamfuta ba ta bukatar intanet ko kaɗan. Wani kuwa ya nufi kasuwar kwamfuta ta Ikeja neman sabuwa, ga kuɗin haya da na aika wa iyali suna jiransa.

Shi inkoda, watau mai matse hotuna, kamar ɗan dako yake a kasuwar Mile 12. Bidiyo hotuna ne a jere, kuma dole a matse kowane ɗaya kafin na bayansa ya iso. Idan ana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, kowanne yana da kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa; idan 60 ne, lokacin ya ragu da rabi. Duk hoton da ya iso ya tarar ba a gama da na gabansa ba, sai a tsallake shi. Wannan shi ne tsallen da ake gani.

Magani na farko shi ne rage kaya. Hoto mai girman 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600, mai girman 1280 da 720 kuwa 921,600 ne, bai ma kai rabi ba. Darasi ba wasan ƙwallo ba ne, hoto 30 a daƙiƙa ya wadatar. Wanda ya sauko daga babban girma mai hoto 60 zuwa ƙarami mai 30 ya bar wa inkoda ƙasa da rubu'in kayansa na dā.

Na biyu, a sake ɗan dako. Inkodar da ake kira x264 da ƙwaƙwalwar kwamfuta take aiki, ita kuwa ƙwaƙwalwar tana da wasu hidimomi a kanta. Amma tun 2011 kamfanin Intel ya sa wani sashe na musamman don wannan aiki, mai suna Quick Sync, kamfanin Nvidia kuma ya fito da NVENC a 2012. Saboda haka ko tsohuwar kwamfutar tokumbo tana iya samun ɗaya daga cikinsu, sai a zaɓe shi a wurin saitin fitar da bidiyo. Wanda ba shi da su, sai ya mai da x264 kan mataki mafi sauri. Hoton zai ɗan rage kyau, amma ba zai tsinke ba.

Har ila yau, a rufe shafuka da manhajojin da ba a bukata. A jona kwamfuta da wuta, domin a kan batir takan rage wa kanta gudu. Haka ma take yi idan ta ɗau zafi, don haka kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, kuma a kai ta a kaɗe ƙurar fankarta.

Da yake wuta ba ta sallama kafin ta tafi, ya fi kyau a ajiye ɗauka a tsarin MKV, wanda abin da aka riga aka ɗauka ba ya lalacewa ko da kwamfuta ta mutu. Daga baya OBS na iya mai da shi MP4.

Kafin a zauna karatu, a yi gwajin minti biyu a kalla. Idan an bi waɗannan matakai duka gargaɗin bai daina ba, sa'an nan ne maganar zuwa Ikeja ta taso.