Tashi daga zango: me za a ɗauka, me za a bari?

A 'yan shekarun nan da wuya wata ya kama ya mutu ba mu ji labarin wani gida daga cikin gidajenmu ya ɗaure kaya ya bar tsohon zango ba. A Ankara wasu sun tashi daga Nima da Mamobi sun nufi Madina ko Ashaiman, wasu kuma daga Sabon Zango da Sukura sun gangara Kasuwa, wato garin nan da ake rubuta sunansa Kasoa. A Kumasi ma haka zancen yake, mutanen Aboabo da Asawase suna ta neman fili a bayan gari. Dalilan kuwa duk mun san su: cunkoso, tsadar haya, ambaliyar ruwa, sa'an nan ga waɗanda Allah ya hore wa suka gina nasu.

Ƙaura dai ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fatake ne. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa da yawa daga cikinsu zuwa Karachi da Yeji da sauran garuruwa. Malam Baƙo ya kwashi jama'arsa daga tsakiyar Ankara ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarnin da ya wuce, ita kuma Madina a 1959 aka kafa ta. Amma farke ya san nauyin kayansa, domin abin da jaki ba zai ɗauka ba dole a bar shi. Mu kuwa mun zauna shekara arba'in, hamsin, cikin ɗaki ɗaya ko ciki da falo, muna ta tura kaya ƙarƙashin gado da saman kabad, har mun manta abin da muka mallaka. Sai ranar tashi ta zo, direba yana danna oda a bakin lungu, sa'an nan a fara cusa komai cikin buhuna, ko kuma a fara watsar da komai cikin fushi.

Akwai shawarar da mujallun Turawa ke yawan bayarwa, wai duk abin da ka shekara ba ka taɓa ba, ka rabu da shi. Wannan ta dace da mutumin da ke zaune shi kaɗai da kayansa. Gidan zango kuwa kayan cikinsa na mutane da yawa ne, wasu suna nan, wasu sun yi tafiya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi a kan kowane akwati ita ce: na wane ne?

Kayan ajiya

Mu fara da amana. Asalin zango masauki ne, kuma tun zamanin fataucin goro da shanu aikin maigida ne ya sauki baƙo, ya adana masa kaya har ya dawo. Wannan ɗabi'a ba ta bar mu ba. Kusan kowane tsohon gida akwai adakar wani ƙane da ya tafi Ikko ko Libiya, ko jakar wata gwaggo da ke Saudiyya, ko keken ɗinkin wani ɗa da ke Amurka. Waɗannan ba a buɗe su, ba a kyautar da su, ba a sayar da su sai da izinin mai su. Yanzu kuwa abin ya zo da sauƙi, tunda ana iya ɗaukar hoton kayan a aika ta WhatsApp, a gaya wa mai su ranar tashi, ya faɗi abin da yake so a yi. In ya ce a kyautar, a sa wani babba ya ji da kunnensa. In ba a same shi ba, to, kayan nan sun zama na tafiya da su, ko da an bar kujera a madadinsu. Mun sha ganin zumuncin shekaru ya lalace a kan akwati ɗaya da mai shi ya dawo ya tarar babu.

Sai kayan ɗakin mata. Kwanuka da tasoshin da aka jera a kabad, da atamfofin da ke kwance cikin adaka, dukiyar matar ce, da ita ta zo ko da guminta ta saya. Maigida ba shi da hurumin tsayawa a kansu yana cewa wannan tarkace ne. Turmin atamfa mai kyau da ba a yanka ba asusu ne, ranar da ta ɓaci shi ake fitarwa. Amma iyayenmu mata su ma su yi wa kansu adalci. Kwanon da fentinsa ya ɓare har tsatsa ta ci gindinsa ba zai shiga ɗakin wata amarya ba, 'yan matan yanzu ma ba irinsa suke nema ba. Hanyar da muka ga tana aiki ita ce a ware yini guda, 'ya'ya mata su zauna da mahaifiyarsu ba tare da maza ba, a riƙa ɗagowa ɗaya-ɗaya ana tambaya, “Hajiya, wannan fa?” Abin da ta ce a bari, a bari, kada a ja. Sau da yawa in aka bar tsohuwa ta yi zaɓin da kanta, ta fi kowa hannun kyauta.

Ga mai sana'ar koko ko wake da shinkafa ko tuwo, manyan tukwane da murhu jarinta ne, sai dai a tuna masu saye ba za su bi ta Kasuwa ba. Tun kafin a biya kuɗin ɗaukar tukunyar da mutum biyu ke cicciɓa, a yanke shawara ko za ta ci gaba da sana'ar a can, ko za ta bar wa wata 'yar'uwa teburin a nan.

Mafi wuya shi ne kayan mamaci. Gidaje da dama ɗakin Alhaji yana kulle tun rasuwarsa, ba a raba gado ba, kowa yana kauce wa maganar. Ƙaura ba ta ba babban ɗa ikon kwashe abin da ya ga dama. A kira magada, a kira malami, a rubuta abin da ke ɗakin, a raba ko a amince da wanda zai riƙe. Ita ma dokar ƙasa ta yi magana: dokar gado ta 1985, wadda aka fi sani da lamba 111, ta ba matar mamaci da 'ya'yansa kayan amfanin gida idan bai bar wasiyya ba. Ke nan ɗan'uwan mamaci da ya zo da mota ya ɗebi firji da talabijin yana iya samun kansa gaban alƙali.

Takardu

A nan za mu ɗan daɗe, domin abin da ya fi komai daraja a gidan zango shi ne ya fi komai kama da shara. Tsohuwar leda mai ƙura, cike da takardun da suka yi ja, ita yara ke fara jefawa cikin wuta.

Dattawanmu ba su manta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Mutane sun sayar da kayansu a wulaƙance, har waɗanda a nan aka haife su sun shiga tasku. Yau ma mai suna irin namu yakan sha tambayoyi wajen neman fasfo ko katin ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan fara aikinsa ɗan Gana ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. To, da me za a nuna wannan? Tsohon fasfon kaka, takardar haihuwar uba, katin asibitin awon jarirai, takardar makaranta, littafin sallama na kakan da ya yi soja har ya je yaƙin Bama, duk suna iya zama hujja ga jikan da bai ma san da su ba. Kada a yar da fasfo don wa'adinsa ya ƙare.

Haka takardun fili da gida: yarjejeniyar saye, taswirar fili, rasitin kuɗin da aka biya sarki ko dangin masu ƙasa, da rasitin harajin gida. Rikicin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba sabon abu ba ne a kewayen Ankara, kuma wanda ya riƙe takardarsa shi ke da bakin magana. Duk waɗannan a haɗa su wuri ɗaya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a ɗauki hoton kowace da waya, a ajiye kwafi wajen wani amintacce. Ranar tashi kada su hau bayan mota. Su zauna a cinyar maigida ko uwargida.

Akwai kuma rubuce-rubucen malamai. Zangunan ƙasar nan sun yi manyan marubuta, irin su Alhaji Umaru na Karachi, wanda ya rasu a 1934, kuma almajiransu sun kwafi littattafai da waƙoƙi da wasiƙu da hannu, da Larabci da ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gari-gari tana ɗaukar kwafin irin waɗannan takardu, amma da yawa suna nan cikin gafaka a gidaje, gara da danshi na cin su. Wanda ya tarar da irinsu, ko da ba ya iya karantawa, ya kai wa malamin da ya iya ya duba masa. Wani lokaci a bayan shafi ake samun sunan kakan kaka da garin da ya fito. Yagaggun shafukan Alƙur'ani da tsofaffin alluna kuwa ba a haɗa su da shara, a tambayi liman yadda za a yi da su.

Wani abin dariya: har yanzu ana tarar da damin tsofaffin sidi cikin katifa ko ƙasan adaka. Tun Yulin 2007 aka canja kuɗi, sidi dubu 10 na da ya koma sidi 1, kuma tsohon ya daina shiga kasuwa a ƙarshen wannan shekarar. A ajiye ɗaya ko biyu don nuna wa jikoki.

Abin da ya rage

Idan an ware na mutane, an killace takardu, sauran aikin ba shi da wuya. Tufafin da yara suka wuce, masu kyau, a wanke a ba maƙwabta ko makarantar allo. Tsumma dai tsumma ne, bai kamata a naɗe shi a kira shi sadaka ba. Kada kuma a sa rai da wani kuɗin kirki daga gwanjo, domin kasuwar Kantamanto cike take da dilolin da ake shigowa da su daga waje. Matattun rediyo da fanka da tsohon firji, masu sayen ƙarafa da ke yawo da kura za su saya, a yi ciniki da su tun da sauran kwanaki, don in sun ga mota a ƙofa sun san ba ka da zaɓi. Magungunan da suka daɗe kada a kai su sabon gida, kada kuma a bar su inda yara za su tsinta.

Roƙonmu ɗaya: kada a zuba komai a kwata. Babban magudanar Nima cikin Odaw take zubewa, kuma waɗanda suka ga daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ruwa da gobara suka haɗu a Sakul suka ci rayuka fiye da 150, sun san abin da toshewar magudana ke jawowa. Mai tashi ya tafi, amma maƙwabtan da ya bari su ruwan zai shiga wa ɗaki. A biya mai aboboya ya kai sharar inda ake zubarwa.

Katifa da gadon katako a fitar da su rana, a duba saƙo-saƙo. Kuɗin cizo da kyankyaso ba sa biyan kuɗin mota, amma sukan riga kowa isa. A je sabon gida da awo a gwada faɗin ƙofa, kada a kai kabad ya ƙi shiga. Kowane buhu a rubuta abin da ke ciki da ɗakin da za shi, musamman jakunkunan nan masu layi-layi da suka samo sunansu daga korar 1983, don duk kamarsu ɗaya. Jaka guda a ware mata kayan daren farko: tabarma, buta, fitila, gidan sauro, tukunya ɗaya da maganin tsofaffi. In da hali a kauce wa Mayu da Yuni, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a kudu.

Ga 'yan haya, a sanar da mai gida da wuri, a zaga ɗakin tare a ga abin da ya lalace, a karɓi shaidar cewa ba a bin ka komai. Mitar wuta ta kamfanin lantarki ce, ba a cire ta a tafi da ita, in kuma ta haɗin gwiwa ce a biya kason wata gaban sauran 'yan haya. Wanda kuma wata hayar zai shiga ya sani dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba ɗaya, ko da yake masu gidaje da yawa shekara biyu suke nema, kuma ofishin kula da haya yana sauraron irin wannan ƙara.

Daga ƙarshe sai sallama. A biya bashin mai kanti da mai koko, a daidaita zubin adashi, a mayar da turmi da tsanin da aka aro. A je a gai da liman da mai unguwa, a bi tsofaffin gidan ɗaki-ɗaki a nemi gafara. A bar wa mutum biyu ko uku lambar waya da kwatancen sabon gida, har da lambar adireshin nan ta GhanaPost da aka fara bayarwa a 2017, domin sababbin unguwanni ba kamar Nima ba ne, inda kowane yaro zai iya raka baƙo har ƙofar ɗaki.