Dokar Hana Kai Hari a Wasan Civilization

A wasan kwamfuta na Civilization, wanda ya fito a 1991, ana samun nasara ta hanyar murƙushe dauloli, ko kuwa aika kumbo zuwa Alpha Centauri. To, akwai masu wasa da kan yi karɓa-karɓar mulkin daula guda, su kafa wa kansu dokar hana kai hari. Na'ura ba ta san da wannan doka ba, amana ce kurum tsakaninsu. Inda gizo ke saƙar shi ne tsaron kai. Korar mahara dai ta halatta, amma ƙwato garin da aka ci fa? Wanda ya yi sakaci da gina ganuwa a zamaninsa, magajinsa ya bar wa zaɓi tsakanin saɓa alkawari da asarar gari.