Yadda guntun silikon ke sauraron ƙwayoyin halitta masu rai

Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana cin sukari, tana kuma fitar da shara. Sharar nan tsami gare ta, domin akwai iskar kabon a cikinta da sinadarin laktik, wato wanda ke sa nono ya yi tsami. Idan ƙwayar ta ƙara himma, tsamin ya ƙaru. Idan guba ta taɓa ta, sai ya ragu.

A kan wannan ne Farfesa Harden McConnell na Jami'ar Stanford a Amurka da abokan aikinsa suka gina na'urar Cytosensor, wadda suka yi bayaninta a mujallar Science a shekarar 1992.

Ana ɗora ƙwayoyin halitta a wani ɗan mitsitsin gurbi a saman guntun silikon, irin wanda ke cikin wayar da ke hannunka. Ruwan abinci yana bi ta kansu, sai a tsayar da shi na ɗan lokaci. A wannan tsakanin tsamin da suke fitarwa yana taruwa, ya sauya cajin lantarkin da ke fuskar silikon ɗin, kwamfuta ta auna. A saki ruwan ya wanke, a sake tsayarwa. Idan aka zuba magani a ruwan, cikin mintuna za a ga ko ya motsa su, alhali suna nan da ransu, ba a fasa su ba.

Tun a 1970 Piet Bergveld na ƙasar Holan ya ƙirƙiri transista mai jin sinadaran ruwa. A 1991 kuma Peter Fromherz a Jamus ya ɗora ƙwayar jijiyar matsattsaku a kan transista, ta kama saƙon lantarkinta. E, matsattsaku dai, saboda ƙwayoyin jijiyarsa manya ne.

Amfanin ya fi fitowa a gwajin magani. An janye maganin cisapride daga kasuwar Amurka a 2000 saboda yana rikita bugun zuciya. Yanzu ana rainon ƙwayoyin zuciyar mutum a kan faranti mai ɗauke da ƙananan wayoyin lantarki, a ga irin wannan illa tun kafin a ba kowa. A Disambar 2022 Amurka ta soke tilascin gwada kowane sabon magani a jikin dabba.

Sai dai ƙwayoyin da ke kan guntu ba su da hanta ko ƙoda, kuma tsami kaɗai ba ya faɗin dalilin da ya sa ƙwaya ta zabura. Dole mai bincike ya sake wani gwajin kafin ya gano.