Lambu a Ƙasar Laka: Ka Fara Nema wa Ruwa Hanya



Da yawa daga cikinmu muna da ɗan fili a gefen ɗakin kaji ko kwamin kifi, kuma muna sha'awar yin lambu a wurin. Sai dai idan ƙasar ta laka ce, akwai aiki. Da damina ta zama taɓo, da rani ta bushe ta tsattsage. Mutum ya dasa tumatir, ruwan Agusta ya kwanta kwana biyu, ya wayi gari ganye ya yi ɗorawa ya yanƙwane. Dalili shi ne saiwa ma tana numfashi. In ruwa ya toshe mata iska, ruɓewa take yi.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada filinka. Haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya, ka cika shi da ruwa. In ya tsotse, ka sake cikawa. Idan bayan awa 24 ruwan na nan tsaye, to filin yana buƙatar gyara.

Gyaran farko shi ne hanyar ruwa. Ka fita lokacin da ake ruwan sama ka ga inda yake gangarawa, sannan ka ja lambatu zuwa can. Kada ya bi ta ɗakin kaji, domin damshi ne ke rura ciwon kashin jini. Kada kuma ya zuba cikin tafkin kifi, don maganin feshi kaɗan ya isa ya kashe maka tarwaɗa.

Na biyu, manta da fangali mai zurfi irin na noman rani. Ɗaga kunya ko gado mai tudun santimita 20 zuwa 30, faɗinsa kamar mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai ka taka ba. Kuma kar ka sa fartanya alhali ƙasa na jiƙe sharkaf, dunƙulewa za ta yi.

Wasu sukan zuba yashi. Ɗan yashi a cikin laka ƙara mata tauri yake yi. Maganin yana ɗakin kajinka: shimfiɗar nan ta ɓuntun shinkafa ko garin katako da ta haɗu da kashi. Tara ta, ka yayyafa ruwa, kana juyawa har wata 2 zuwa 3 ta ruɓe, sannan ka cakuɗa da ƙasa. Ɗanyen kashi ƙona shuka yake yi.

Sai zaɓen shuka. A kwari, inda ruwa ke daɗewa, sa gwaza, rake ko shinkafa, irin abin da aka saba gani a fadama. Inda akwai laima amma ruwa ba ya kwanciya, ayaba, lalo da rama za su ji daɗi. Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa kuwa sai a kan tudun kunya. Gwanda da zogale ba sa shiri da ruwa kwance ko kaɗan, ka ba su wuri mafi tudu.

Ruwan da ka sauya wa kifi taki ne mai kyau, musamman ga ganye. Amma wanda ka zuba wa gishiri ko magani kada ya shiga lambu. Gishiri yana daɗa toshe laka, kuma da wuya ya fita.

In kuma wani ɓangaren ya ƙi gyaruwa, kar ka yi ta faɗa da shi. Lakar da ke riƙe ruwa ita ake nema wajen haƙa tafkin kifi, ƙasar da ka fitar kuma ka ɗaga kunyoyinka da ita.

Wace shuka ce ta karɓe ka a irin wannan ƙasa? Faɗa mana a ƙasa, wani ya ƙaru. Allah Ya sa albarka a nemanmu.