Atisayen zuciya mai tsanani a gida: Yadda yake aiki da inda hatsarinsa yake

Shirye-shiryen motsa jiki masu tsanani da ake bi a cikin ɗaki ta wayar salula ko talabijin sun samu karɓuwa a faɗin duniya, musamman tun zaman kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe gidajen motsa jiki da filayen wasa. Ba sa buƙatar na'ura ko kuɗin rajista. Fili kamar faɗin tabarma, da takalmi, da gorar ruwa sun wadatar. Ga ma'aikacin da ba ya dawowa gida sai bayan magariba, da matar da ba ta son yin tsalle-tsalle a bainar jama'a, wannan sauƙi ne babba.

Buƙatar kuma a fili take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, kimanin biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata. A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020, baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Wato minti guda na atisaye mai tsanani yana tsayawa a madadin minti biyu na tafiya da sassarfa. A kan wannan lissafi shirye-shiryen gida suka dogara: a wahala sosai, a gama da wuri.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne Insanity, sunan da ke nufin hauka, wanda kamfanin Beachbody na Amurka ya fitar a faifan DVD a 2009 tare da mai horarwa Shaun T. Shiri ne na kwana 60, ana yin sa kwana shida a mako. A watan farko kowane zama na ɗaukar kusan minti 40, a na biyu kuma yakan kai awa guda, da mako ɗaya na sassauci a tsakani. Tsarinsa shi ne a shafe kimanin minti uku ana gudu a wuri ɗaya, ana tsalle, ana tsuguno da miƙewa babu tsayawa, a huta na daƙiƙa 30, a sake komawa. Ko an cire lokacin ɗumama jiki da na miƙa, mai bin wannan jadawali yana cika ma'aunin hukumar tun a makon farko.

Dabarar cakuɗa aiki mai tsanani da gajeren hutu tana da tushe a kimiyya. A 1996 masanin Japan Izumi Tabata ya wallafa bincike kan wani tsari da ake horar da 'yan tseren kan ƙanƙara na ƙasarsa da shi: daƙiƙa 20 na cikakken ƙarfi, daƙiƙa 10 na hutu, har zagaye takwas, jimilla minti huɗu. Bayan mako shida ƙarfin jikin waɗanda aka gwada na amfani da iskar oksijin ya ƙaru sosai. Abin da tallace-tallace ba su cika ambata ba shi ne, matasa ne da suka riga suka saba da wasanni, kuma a kan keken gwaji suka yi, ƙarƙashin kulawar masana. Ba su yi tsalle a kan siminti ba.

Zuciyar mutumin da ke zaune tana tura kimanin lita biyar na jini a minti guda. Idan aiki ya tsananta, hakan kan ninka sau huɗu ko biyar. Maimaita wannan na makonni yana sa yawan jinin da ke cikin jiki ya ƙaru, zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, tsokoki kuma su ƙware wajen zuƙar oksijin. Shi ya sa wanda ya ɗore yakan lura cewa benen da ke sa shi haki a da ya daina, bugun zuciyarsa na safe kuma ya ragu. Wannan sauyi yana zuwa da wuri, cikin 'yan makonni.

Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da gaɓoɓi, da ƙasusuwa ba sa saurin sabawa haka. Su watanni suke buƙata. A nan matsalar shirin kwana 60 take. A mako na uku mutum yana jin numfashinsa ya gyaru, sai ya ƙara ƙaimi, alhali gwiwa da agara da idon sawu suna nan yadda suke. Kowace dira daga tsalle tana ɗora wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu ko uku ko fiye, kuma a zama guda ana dira sau ɗaruruwa. Daɓen yawancin gidaje a Najeriya siminti ne ko tayil, waɗanda ba sa rage komai daga ƙarfin dirar. Da yawa daga masu barin irin wannan shiri a tsakiya ba kasala ce ta hana su ba, ciwon ƙwauri ne ko na gwiwa.

Akwai abin da ya fi wannan muni, ko da yake bai cika faruwa ba. Idan aka tilasta wa tsokar da ba ta saba ba aikin da ya fi ƙarfinta, takan farfashe, sinadaran cikinta su kwarara cikin jini, su yi wa ƙoda illa. Alamominsa su ne ciwon tsoka da ya wuce na gajiya, da kumburi, da rashin ƙarfi, da fitsari mai launin shayi ko na lemon kola. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, domin ƙoda na iya tsayawa.

Wannan batu ya shafi 'yan Najeriya ta wata fuska. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar na da rukunin jini na AS, wato yana ɗauke da ƙwayar halittar sikila ba tare da yana fama da cutar ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000 ya gano cewa masu AS sun fi sauran haɗarin farfashewar tsoka da kashi 54 cikin 100, ko da yake ba a samu ƙarin mace-mace a cikinsu ba. Mai AS na iya yin atisaye mai tsanani, amma ya hau a hankali, ya sha ruwa, kuma ya tsaya da zarar jiki ya ce a tsaya, ko mai horarwa na cikin faifan yana ta kiran a ci gaba.

Zafi na ƙara wannan haɗari. Faifan da aka ɗauka a zaure mai na'urar sanyaya ɗaki bai san ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, inda zafi kan haura digiri 40, kuma bai san laimar Legas da Fatakwal da ke hana gumi bushewa ba. A irin wannan yanayi mutum na iya zubar da lita guda ta gumi ko fiye cikin awa. Sassafe ya fi, da tagogi a buɗe. Masu sanya rigar leda don gumi ya yawaita ruwa suke zubarwa ba kitse ba, kuma nauyin zai dawo da zarar sun sha. A watan azumi kuwa, ya fi dacewa a jinkirta atisaye mai tsanani zuwa bayan buɗa baki.

Sai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Motsa jiki na cikin abubuwan da ke saukar da shi a kan lokaci, amma a daidai lokacin da ake tsananta aiki jinin hawa yake yi. Don haka gwajin hawan jini, wanda ba ya ɗaukar minti biyar a ƙaramin asibiti ko kemis, shi ne matakin farko. Mai ciwon zuciya, ko suga, ko ƙoda, ko asma, da mai juna biyu da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, su fara jin ta bakin likita. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya marar tsari dalilai ne na tsayawa nan take.

Auna tsanani ba ya buƙatar agogo mai tsada. Idan mutum na iya magana amma ba ya iya rera waƙa, aikin matsakaici ne. Idan ba ya iya furta fiye da kalmomi kaɗan sai ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani. Akwai kuma ƙiyasin cire shekaru daga 220. Ga ɗan shekara 40, iyakar bugun zuciya 180 ce a minti, atisaye mai tsanani kuma yana tsakanin 126 da 153. Ana ƙirga bugun a wuyan hannu na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu.

Ga mai neman rage teɓa, gaskiyar ba ta da daɗin ji. Rabin awa na tsalle-tsalle na ƙona kusan kalori 300 ga mai nauyin kilo 70, kwalbar lemo mai santilita 50 kuma tana mayar da kusan 200. Babu wani atisaye da ke narkar da kitsen ciki shi kaɗai.

Wanda ya daɗe bai motsa jiki ba zai fi cin moriyar shirin idan ya fara da mako huɗu zuwa shida na tafiya da sassarfa, sannan ya shiga da kwana biyu ko uku a mako maimakon shida, da ranar hutu tsakanin kowane zama. A ranakun hutun ne tsoka ke gyara kanta. Inda faifai ya ce a yi tsalle, ana iya ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a kan kafet mai kauri, da takalmin kambas. Hukumar ta kuma ba da shawarar kwana biyu a mako na atisayen ƙarfafa tsoka, abin da shirye-shiryen zuciya zalla kan yi wa riƙon sakainar kashi. Da wannan tsari shirin kwana 60 na iya ɗaukar wata huɗu ko biyar kafin a kammala shi.