Kabarin Sarauniya Nefertari da Kufan Sarauniyoyinmu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A shekarar 1904 wani masanin kayan tarihi ɗan Italiya, Ernesto Schiaparelli, ya buɗe wani kabari a Kwarin Sarauniyoyi, yamma da kogin Nilu, daura da birnin Luksor na Masar. Na Nefertari ne, uwargidan Fir'auna Ramsis na Biyu, wadda ta rasu fiye da shekara 3,200 da suka wuce. Ɗakuna ne aka sassaƙa cikin dutse, ana sauka da matakala. Bangon duk zane ne da rubutu, rufin kuma shuɗi mai taurari. Ɓarayi sun riga shi shiga tun zamanin da. Abin da ya tarar na gawar guntayen ƙafafu ne kawai, sai takalmi da ɓaraguzan murfin akwatin dutse, waɗanda yau suke gidan tarihi na Turin. Daga baya gishirin cikin dutsen ya riƙa ɓamɓare zanen, har sai da aka yi aikin gyara daga 1986 zuwa 1992.

Me ya sa aka yi wa mamaciya wannan hidima? Masarawan wancan zamani sun yi imani cewa mamaci zai buƙaci jikinsa da sunansa da kayansa a lahira, shi ya sa suka rubuta komai a dutse.

Mu ma a wannan jiha ta Yobe mun yi sarauniya. Tarihin baka na Borno ya riƙe sunan Magira Aisa Kili, wadda ta riƙe sarauta a ƙarni na 16 kafin Mai Idris Alauma ya hau. Ana jingina mata ginin fadar Gambaru a bakin kogin Yobe, kusa da Birnin Ngazargamu, can wajen Geidam. Da jan bulo da aka gasa aka gina ta, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar da ake gini da laka. Ngazargamu ta faɗi a 1808, kuma da Bature Denham ya isa wurin a 1823, kufai ya tarar. Abin da ya fi damuna shi ne yaro a wannan jiha zai gama sakandare bai taɓa jin sunan Aisa Kili ba.

Kada a ce rashin ƙasaitaccen kabari gazawa ce. Musulmi, sarki ne ko talaka, da likkafani ake rufe shi, ba zinariya ba tukunya. Inda aka binne manya da kayan ƙawa a ƙasar Hausa, kamar tuddan Durɓi ta Kusheyi a jihar Katsina, waɗanda aka tona a 1907 da 1992, al'ada ce ta da can. Saboda haka shaidar mutanenmu tana cikin ganuwa da bulo da katangar tukunya da bakin tsofaffi, kuma waɗannan sun fi dutsen Masar saurin ɓacewa.

Ƙasarmu ba ta rasa abin da ta ɓoye ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙaramar hukumar Fune da ke maƙwabtaka da Potiskum, ya ci karo da katako. Da aka tono, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, mai shekara wajen 8,000. Ya girmi Nefertari nesa ba kusa ba, kuma yanzu yana Damaturu.

Don haka, jama'a, wanda ya ci karo da tsohuwar tukunya ko bulo ko ƙarfe yana noma ko haƙa rijiya, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya bar abin inda yake, ya sanar da mai unguwa ko hakimi, su kai maganar ga hukumar kula da gidajen tarihi.