Sukomimus, dodon Tenere mai cin kifi

A gidan kallo na Bubu Hama, a Yamai, akwai wata rumfa inda aka jera ƙasusuwan waɗansu manyan dabbobi. Yara sukan tsaya a gabansu, baki buɗe. Ana kiran dabbobin nan dinozor. Ba mutumin da ya taɓa ganin su da rai, domin sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.

An tono da yawa daga cikinsu a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas. A shekarar 1997, wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, ya je can da abokan aikinsa. Ɗayansu ya hangi wani ƙaton farce bisa rairayi, lanƙwashe kamar lauje, tsawonsa wajen santimita 30. Suka yi ta tono, har suka fitar da sauran ƙasusuwan. A 1998 aka raɗa wa dabbar suna Sukomimus, wato mai kama da kada.

Tsawonsa ya kai mita 11. Da ƙafafun baya biyu yake tafiya, doguwar wutsiya tana daidaita shi. Kowane hannu yatsa uku gare shi, babban farcen yana kan na farko.

Bakinsa ne abin mamaki. Dogo ne, siriri, da haƙora sama da 100. Haƙoran ba su da faɗi kamar wuƙa, tsini gare su kamar ƙusa. Irin wannan haƙori bai dace da yanka nama ba, amma in ya kama abu mai santsi, ba ya saki. Shi ya sa masana suka ce kifi ne babban abincinsa.

To, ina kifi a Tenere, inda ayari ke kwana da kwanaki bai ga rijiya ba? Amsar tana cikin ƙasar wurin. Tare da ƙasusuwansa akwai na kifaye, da kunkuru, da wani ƙaton kada mai suna Sarkosukus. Shekara fiye da miliyan 100 baya, manyan koguna ne ke gudu a wurin, itatuwa a bakinsu. Nan Sukomimus yake shiga ruwa, ya tsaya kamar zalɓe, yana jiran kifi.